Inda Nauyin Ya Zauna

Malama ta sa yatsu biyu ta buɗe hoton har ya cika fuskar wayar. Ta kawo shi kusa da ido, ta mayar da shi nesa, sai ka ce nisan ne zai canza abin da ke ciki. Bai canza ba. Lilon yara ne mai juyawa, irin mai faɗin nan da ake hawa a tura, ya sha fenti ja da rawaya, yana zaune a tsakar makarantar renon yara ta yayar mijinta. Kyau kam ya yi kyau. Amma duk zagayen bakinsa wani ƙarfe ne mai kaurin damtsen ƙato, kuma wannan ƙarfen babu shi a lissafinta.

A ƙasan hoton mijinta ya rubuto: "Baba ya gama! Kilo ɗari cif. Yau in an tashi yara za a buɗe."

Ta ture takardun ɗalibai da take dubawa, ta fita daga ɗakin malamai zuwa baranda, ta kira shi.

"Baban Tsigi, mene ne wannan a bakin lilon?"

"Farfesa, yau ko gaisuwa babu?" Ana jin hayaniyar ofishinsu a bayansa. "Sifirin ne na babbar mota, dogon ƙarfen nan da ke ɗauke nauyinta a kan taya. Baba bai samu farantin ƙarfe mai kaurin da kika ce ba, sai ya sa marar kauri. Da aka ɗora a sikeli nauyi ya kasa, shi ne ya lanƙwasa sifirin ya zagaye bakin da shi har ya cike. Kin ga tsohon hannu ko?"

"Me ka gaya masa?"

"Abin da kika ce mana. Kilo ɗari."

"Na ce kilo ɗari a shimfiɗe, daga tsakiya har gefe, bakin kuma ya zama sakayau. Sai da na yi ta maimaitawa har ka ce na cika ka da surutu."

"To ni zan tsaya gaban Baba ina koya masa walda? Mutumin da yake aikin nan tun ba a haife ni ba? Na faɗi muhimmin, na bar sauran. Kuma ai kilo ɗari kilo ɗari ne, ko a ka aka ɗauko shi ko a baya."

Wannan maganar ce take yaƙi da ita a aji kowace shekara, yau ga ta a bakin mijinta. Ta runtse ido, ta rage murya don kada masu wucewa su ji.

"Saurara. Abu mai juyawa taurin kai gare shi. In yana tsaye ba ya son tashi, in ya tashi ba ya son tsayawa. Kuma ba yawan nauyinsa kaɗai ake dubawa ba, ana duba inda nauyin ya zauna. Wanda ke kusa da tsakiya ɗan zagaye yake yi a hankali. Wanda ke baki shi ke cin doguwar hanya da gudu. Ka ɗauki faranti da zobe, nauyinsu ɗaya, faɗinsu ɗaya, taurin zoben ya ninka na farantin. Ni faranti na lissafa. Baba zobe ya yi."

"To sai me? Ai yara sun fi jin daɗi, ya daɗe yana juyawa."

"In ƙafar yaro ta shiga ƙarƙashi fa? Wa zai tsayar da shi? Mai reno, da hannu ɗaya, ɗayan tana riƙe da wani yaron?"

Da ya sake magana, wasan ya fita daga muryarsa.

"Don Allah, Maman Tsigi, kada ki taso da wannan yau. Kin san yadda Baba yake. Ki bari a buɗe, in ya so daga baya mu san yadda za a yi."

"Daga baya yaushe? Tsigi za a fara ɗorawa, ka sani."

"Ana kirana. Sai mun haɗu a can." Ya kashe.

Ta san yadda Baba yake, wannan kam gaskiya ne. Bara hawan jini ya kayar da shi a bakin shagonsa, ya farka da ɓarin hagu a shanye. Hannun ya dawo rabi, ƙafar ta dawo da taimakon sanda, amma shi mutumin bai dawo ba. Ya koma zaman ƙofar ɗaki yana kallon bango, a kawo abinci a ɗauke kamar yadda aka kawo shi. Yaya, babbar 'yarsa, ita ta yi dabara. Ta ce makarantarta na son lilo, kuma ba ta yarda da hannun kowa ba sai nasa. Washegari Baba ya nemi a kira masa mai aski, ya sa aka buɗe shago. Yaya kuma ta ce tunda Malama ke koyar da kimiyya, ita za ta fitar da awo, a yi abin da mai reno za ta iya tsayarwa take.

Malama ta fitar. Abin da ba ta yi ba shi ne kai saƙon da bakinta. Duk zamanta a gidan nan, maganarta da surukinta ba ta taɓa wuce gaisuwa da amsa gaisuwa ba. Ba tsoronsa take ba, mutum ne mai sanyin hali. Nauyinsa take ji, irin nauyin da ke sa macen da ke tsawata wa aji guda na samari ta durƙusa ta rasa inda za ta ajiye idonta. Sai ta aiki miji, shi ma nauyin ya kama shi a hanya ya zubar da rabin saƙon. Haka aka taru aka yi ta jin nauyin tsoho har aka bar shi ya sa nauyi inda bai kamata ba.

Ta je ta gaya wa mataimakin shugaban makarantarsu uzurin gida ya taso. Ya dube ta ta saman tabarau, ya ga fuskar da ba a yi wa tambaya, ya ce Allah ya sawwaƙe.

A cikin bas ta samu wuri tsakanin taga da wata mata mai ƙaton kwando a cinya. Ta ciro biro ta hau rubutu a tafin hannu. Daga tsakiyar lilon zuwa baki mita ɗaya ne, don haka lissafin ba shi da wuya: nauyin da ke shimfiɗe rabinsa ake ɗauka, wanda ke baki kuwa dukansa. Nata rabin ɗari ne, hamsin. Na Baba, in siririn farantin ya kai kilo talatin, rabinsa sha biyar, a tara da saba'in na sifirin, tamanin da biyar ke nan. Ba a ma ɗora yara ba tukuna, su kuwa yara bakin suke so, babu mai zaman tsakiya.

"Baiwar Allah, lafiya kike magana ke kaɗai?" in ji mai kwando.

"Lafiya lau, lissafi nake."

"Ayya. Duk mu ma shi muke, sai dai mu a ciki muke yin namu."

Malama ta yi murmushin da bai wuce leɓe ba. Abin da ya fi damunta shi ne hoto kawai ta gani. In boris ɗin da Baba ya sa a gindin lilon, wanda yake juyawa a kansa, mai tauri ne fa, yana riƙe shi da kansa? In sifirin bai kai yadda take zato ba fa? Sai ta tashi ta ɓata wa tsoho ranarsa a kan lissafin tafin hannu, a gwada a ga babu komai, ta zama surukar nan da boko ya hau wa kai. In kuma ta yi shiru... ta ga ƙafar Tsigi, 'yar siririya da ita, ta kawar da kai ta kalli titi. Ta shiga jera maganar a zuci. "Baba, aikinku ya yi kyau, sai dai..." Kowace ta ɗauko, a kan "sai dai" take maƙalewa. Har kwandasta ya buga jikin mota ya kira sunan mahaɗarsu ba ta wuce nan ba.

Ta yi niyyar ta riga kowa, ta tura lilon ita kaɗai ta ji ƙarfinsa a hannunta. Tana shiga ƙofa ta san wannan dabarar ta rushe. An ɗaure shi da sarƙa a jikin turken ƙarfe, an danna kwaɗo, an kewaye shi da jan kirtani. Ga Baba a gefensa kan kujerar roba, cikin farar riga da ta sha guga, sandarsa a tsakanin gwiwoyi, mukullin kwaɗon a rataye a yatsansa.

Ta durƙusa. "Ina wuni, Baba. Ya ƙarfin jiki?"

"Jiki ya yi kyau, Malama. An kai miki labari? Kilo ɗari." Bakinsa har yanzu yana ɗan karkata in yana magana, amma idanunsa na haske yadda ta manta suna yi. "Na sa maƙwabtan shago suka kai shi sikelin masu sayen tsohon ƙarfe. Allura ta tsaya a kan ɗari kamar an kafa ta. Na ce 'yar nan ta zauna ta yi lissafinta, ni ba zan ba ta kunya ba."

"Sannunku da aiki, Baba."

"Aiki kam an sha shi. Sifirin ba ya lanƙwasuwa da lallashi. Da gwiwa nake danne shi, in gasa, in buga da na dama." Ya nuna gindin lilon da sanda. "Boris kuwa na babbar mota na sa masa, na cika shi da giris. Wannan in ya tashi, sai ya ga dama zai tsaya."

Daga inda take durƙushe tana ganin ƙarƙashin bakin: tsakaninsa da siminti bai fi yatsu huɗu ba, daidai shigar takalmin yaro, ga kawunan notuna sun leƙo ƙasa a jere. Ta buɗe baki. Sai ta dubi farar rigar da gugar da aka yi mata, ta dubi sabon tabon ƙuna a bayan hannunsa.

"Allah ya ƙara lafiya, Baba," ta ce.

"Amin, amin. Shiga wajen yayarki, tana ta nemanki."

Ta samu Yaya a ofis tana hura balan-balan, kumatu a cike, gumi na bin wuyanta. Yaya mace ce mai jiki da murya, irin wadda in ta yi raɗa ana ji a aji na gaba. Malama ta tura ƙofa ta rufe, ta faɗi komai a tsaye, faranti da zobe, hamsin da tamanin da biyar, har ta nuna mata tafin hannu.

Yaya ta saki balan-balan ɗin ya yi ta fito yana zagaya ɗakin har ya faɗi bayan kabad.

"Ke fa, matar ƙanena, wani lokacin bokon nan naki tsoro yake ba ni. Ke kika ce ɗari. An yi ɗari. Yanzu kuma ɗarin ce ba ta zauna daidai ba?"

"Yaya, ki zauna a kujerar nan mai juyawa, ki riƙe robobin ruwa biyu, in nuna miki..."

"Ba a ajinki muke ba. Kin gwada shi?"

"A ɗaure yake."

"Ba ki gwada ba ke nan." Yaya ta zauna, kujerar ta yi ƙara. Ta sassauta murya iyakar yadda Allah ya hore mata. "Kin san jiya ya cinye abincinsa har ya nemi ƙari? Kin san abin da ya ce mini da muka kawo lilon nan? Ya ce sai yanzu ya yarda bai mutu ba. Likita ya ce a guji duk abin da zai tayar masa da hankali. In kika kashe masa wannan a gaban mutane, ke za ki zo ki zauna da shi a ƙofar ɗaki?"

"To a ɗaga buɗewar. A ce fenti bai bushe ba."

"Shi ya yi fentin, shi za ki gaya wa bai bushe ba? Iyaye kuma na riga na sanar da su." Ta share wuya da gefen mayafi. "Zan ce wa masu reno a riƙa turawa a hankali."

"Yau za su tura a hankali. Gobe fa, in kin shiga ofis, 'yan shekara biyar suka haɗu su huɗu suna turawa?"

Yaya ta ɗauko wani balan-balan ta sa a baki, amma ba ta hura ba. Daga waje aka kaɗa ƙararrawa.

Kafin ka ce me, tsakar makarantar ta cika. Iyaye mata da jakunkunan aiki, iyaye maza da mukullan mota da hulunan babur, yara suna ɓarkowa daga azuzuwa suna ihu. Baban Tsigi ya iso yana gaisawa da kowa, har da mai gadi, idonsa na zuwa ko'ina ban da inda matarsa take tsaye. Tsigi ta zo a guje ta rungume ƙafafunta, 'yar jakarta na rawa a bayanta.

"Mama, ni ce farko! Kaka ya ce ni ce farko!"

Malama ta shafa kanta. Tafin hannunta ya jiƙe, lambobin sun narke sun zama shuɗin dabbare. Ta ce wa kanta za ta yi magana in Yaya ta gama jawabi. Yaya ta gama, aka yi tafi. Ta ce za ta yi in Baba ya miƙe. Baba ya miƙe, ya dogara sanda, ya daɗe yana neman ramin kwaɗon da mukulli, kowa yana taya shi a zuci, har ya buɗe. Sarƙa ta zube ƙasa. Aka sake tafi, wani uba har da fito.

"Auta," Baba ya kira ɗansa, "ɗora mini ƙawata."

Baban Tsigi ya ɗaga 'yarsa sama tana dariya, ya nufi lilon da ita. Sauran yara suka yi caa suna jiran a ce musu su hau.

"A sauke ta," in ji Malama. Ko ita kanta da ƙyar ta ji.

Ƙafar Tsigi ta taɓa farantin.

"Baban Tsigi, sauke ta!"

Muryar aji ce ta fito, wadda ke kai wa bencin baya. Mutanen gidan nan ba su taɓa jin ta ba. Baban Tsigi ya tsaya da yarinya a hannu kamar wanda aka kama da kayan wani.

"Malama!" in ji Yaya.

Malama ta juya ta fuskanci surukinta, a tsaye. "Baba, ku yi haƙuri. Ina so a gwada shi babu yaro a kai."

Baba ya dube ta. Ita ma, karon farko a rayuwarta, ba ta kawar da ido ba.

"A gwada me?"

"Tsayawarsa."

Ya daɗe yana kallonta. Can ya gyaɗa kai. "Auta, ajiye ta. Tura."

Baban Tsigi ya miƙa wa Yaya yarinyar, ya kama mariƙin lilon ya ɗan tura shi sannu-sannu, yana yi wa jama'a murmushin a-yi-haƙuri.

"Ba haka ba," in ji Baba. "Tura yadda uban yaro zai tura in ɗansa na cewa ƙara."

Ya sa ƙarfi. Da farko lilon ya ƙi, sai da ya haɗa da kafaɗa yana gudu da shi, sannan ya ɗauka. Ya saki ya ja baya yana haki. Babu ƙara ko kaɗan, sai wata 'yar iska da yake bugowa a ƙafafun mutane, ja da rawaya sun haɗe sun zama launi ɗaya. Aiki ne mai kyau, duk wanda ke wurin ya ga haka.

Malama ta ajiye jakarta, ta je ta tsaya inda mai reno za ta tsaya. A ranta roƙo take Allah ya sa ta yi kuskure. Ya tsaya cak a hannunta, a yi mata dariya, Yaya ta yi wata guda ba ta gaishe ta ba, duk ta yarda. Ta miƙa hannu ɗaya ta cafki mariƙi.

Ya fizge ta kamar ba ta da nauyin komai. Ta kai ɗaya hannun, ta kafe duga-dugai, lilon ya ja su a kan siminti. Ta zo ƙasa a kan gwiwoyi, ya ci gaba da jan ta, zane na gogar ƙasa, mata na salati. Takalminta na dama ya zame ya shige ƙarƙashin bakin. Aka ji ƙarar yagewa, notunan suka tafi da shi, suka tofo shi ta ɗaya gefen. Sai da ya kai ta fiye da rabin zagaye hannuwanta suka kuɓuce, ta zube. Lilon ya rage gudu, amma bai tsaya ba.

Wata uwa ta jawo ɗanta ta mayar da shi bayanta, wasu suka bi sahu. Tsigi ta fashe da kuka. Baban Tsigi ya ruga ya kama matarsa, ta ture hannunsa a hankali ta tashi da kanta. Gwiwoyinta na zafi, tafin hannuwanta sun saɓule. Ta yi daidai, kuma ba ta taɓa baƙin cikin yin daidai irin na yau ba.

Baba ya taka da sandarsa har bakin lilon. Ya ɗora hannun dama a kan ƙarfen da ke tafiya a hankali, ya danna. Ƙarfen ya ja hannun gaba kafin ya yarda ya tsaya. Ya sa kan sanda ya juya takalmin da ke yashe: ya rabe biyu daga baki har dunduniya.

"Nauyin ne bai cika ba?" Bai juyo ba.

"Ya cika, Baba. Ko giram bai kasa ba. Wurin zamansa ne. In yana shimfiɗe, rabinsa ne ke yi wa mai tsayarwa gardama. In ya taru a baki, dukansa ne."

Ya shafa sifirin da babban yatsa, daidai inda waldar ta haɗe lumui ba a ganin gaɓa.

"Wato irin ƙarfen da muke sa wa injin niƙa don kada ya tsaya," ya ce a hankali. "Shi na yi wa yara." Ya girgiza kai. "Na san wannan. Hannuna ya san shi tun ina saurayi. Ina ta bin allurar sikeli, ban tsaya na tambayi kaina ba. Kin faɗi haka tun farko?"

Ta sunkuyar da kai.

"Ta faɗa, Baba," in ji Baban Tsigi. "Ni ne ban..."

Baba ya ɗaga hannu, ɗan ya haɗiye sauran. Tsohon ya juya wajen jama'a, ya gyara tsayuwa iyakar yadda ƙafar ta bari.

"Jama'a, ku yi haƙuri. Aikin bai ƙare ba. Kada yaro ya hau."

Ya sunkuya zai ɗauki sarƙa, ta fi ƙarfin hannu ɗaya. Malama ta tsuguna ta ɗauko, ta zagaya turken da ita, ta haɗa bakin biyu ta riƙe masa. Ya zura kwaɗon ya danna. Iyaye suka fara janye 'ya'yansu, wasu na yi wa Malama sannu, wasu na yi wa Baba, yawanci ba su san wa ya fi cancanta ba sai suka yi wa iska suka wuce. Yaya ta shige ofis da Tsigi a kafaɗa, tana share ido da bayan hannu.

Baba ya koma kujerarsa ya zauna. Farar rigar ta ɗauki jan fenti a hannu, bai lura ba.

"Malama."

"Na'am, Baba."

"In an cire sifirin, aka samo faranti mai kauri, ya yi?"

"Ya yi, Baba. Sauran aikin duk lafiya lau yake, gindin ma ba a taɓa shi ba. Ni zan nemo farantin da kaina, ku kuma sai ku..."

Ya sa hannun dama ya ɗauko na hagu, ya ajiye shi a kan gwiwa kamar ƙunshin kaya. Yatsun na rawa su kaɗai.

"Wannan ya ba da abin da ya rage masa wajen lanƙwasawa. Rabawa kuwa ta fi haɗawa son ƙarfi, ni na san irin waldar da na yi." Ya zare mukullin daga yatsansa ya miƙa mata. "Ki nemo mai walda, ki tsaya a kansa har ya gama. Ki wanke hannun nan da sabulu, akwai tsatsa a ƙarƙashin fentin. Ranar da zai zo yanka kawai, kada a gaya mini."

Ta karɓa da hannu biyu.

Baba ya jawo sandarsa, ya dube ta, ya jingine ta a jikin kujera. Sannan ya kira Auta ya zo ya kama shi ya tashi, abin da tun ranar da aka buɗe shago bai yarda kowa ya yi masa ba.